Idan An Yi Karo, Ɗayan Direban Kuma Ya Ce Ba Laifinsa Ba Ne

Jawabin da sashenmu na raya karkara ya gabatar a taron bita na direbobi da ma'ajin ikilisiyoyi

 

Kun saba jinmu a kan taki da rijiya da rumbun tsimi. Yau kuwa mota ce ta kawo mu, gama da wuya yanzu a sami ikilisiyar da ba ta da bas ko akori-kura, ko membobin da suke ci da iyalinsu da babur da keke mai ƙafa uku. Idan an yi karo, mai laifi kuma ya amsa laifinsa, kowa ya san abin yi: a tafi wurin makanike, a yi ciniki, a gyara, a sha hannu. Wanda yake cin dukiyar mutanenmu shi ne karon da kowane direba zai fito yana rantsuwa cewa shi ne a kan hannunsa. Za mu fara da abin da ya same mu, domin ba wayonmu ne ya fitar da mu ba.

A daminar bara, akori-kurar ofishinmu tana dawowa da buhunan taki ran wata kasuwa. Ta iso mararraba inda hanyar burji take haɗuwa da kwalta, sai wata ƙaramar motar haya ta fito daga burjin, cike da fasinja da kaya har bisa, ta daki motarmu ta gefen dama. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, mace ɗaya ce ta fasa goshi. Ƙofarmu ta lotse, fitila ta fashe, ƙafar gaba ta karkace. Shi kuma bambarsa da lagireto suka tafi.

Direbanmu dattijo ne mai sanyin hali. Da ya fito ya ga jini a goshin matar, ga taro ya fara kewaye su, sai ya shiga cewa, "Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri, za mu san yadda za a yi." Daga nan, da ya ga manyan motoci sun jeru suna ta hon, sai ya ja motar ya kai ta gefen hanya. Duk mutumin kirki abin da zai yi ke nan. Amma waɗannan abu biyu su suka kusa sa mu biya gyaran mota biyu. Kashegari a ofishin 'yan sanda, ɗayan direban ya zo da mutum biyar daga tasha. Ya ce shi ya riga ya hau kwalta, motarmu ce ta zo a guje tana neman wuce shi. Ya ƙara da cewa ai baba da bakinsa ya ba da haƙuri a gaban jama'a, ya ce zai gyara.

Abu biyu suka cece mu. Wani matashi cikin masu aikin sa kai da yake cikin motar ya ɗauki hoto huɗu da wayarsa kafin a matsar da ita. Hotunan sun nuna motarmu a miƙe a kan hannunta, hancin motar hayar a cikin ƙofarmu, ƙafafunta na baya kuma suna kan jar ƙasa, ba su ma hau kwalta ba. Na biyu, wata baiwar Allah mai suyar ƙosai a bakin mararrabar, wadda ta ga kome daga farko. Sai da muka koma sau biyu, muka gaishe da maigidanta, muka yi masa bayani cewa ba kama ta za a yi ba, kafin ta yarda ta faɗi abin da ta gani. Maganarta ta fi ta mutum biyar ɗin nauyi, gama ba ta san mu ba, ba ta san shi ba, ba ta kuma da abin samu.

Bari mu tsaya a kan takardar nan da take cikin aljihun mota. Yawancinmu mun ɗauke ta takardar 'yan sanda ce, abin nunawa a shinge. Inshorar mota iri biyu ce aka fi sani. Akwai ta dole, wadda ake kira tad-fati, wato inshorar mutum na uku. Kai ne na ɗaya, kamfanin inshora na biyu, wanda ka yi wa ɓarna shi ne na uku. Dokar da ta tilasta ta a ƙasar nan tun 1945 aka yi ta. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri ɗaya, tilascin kuwa yana nan. Wannan inshora ba za ta saya wa motarka ko kusa ɗaya ba. Aikinta shi ne ta biya wanda ka cuta, domin kada ka sayar da gona ko shanun noma.

Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗin ta motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara. Ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan jadawalin, keke mai ƙafa uku Naira 5,000 ne, iyakarsa miliyan 2, babur kuma Naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Rauni da rasa rai lissafinsu dabam ne, ba sa cikin waɗannan miliyoyin. Ku lura da kalmar iyaka. Idan ka daki motar da gyaranta ya kai miliyan 4, kamfani zai tsaya a 3, ɗayar miliyan ɗin daga aljihunka za ta fito.

Ta biyun ita ce cikakkiyar inshora, wadda take gyara har da motarka, ko da kai ne da laifi. Tana da tsada, gama ƙa'idar 2023 ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan 6 ke nan Naira 300,000 a shekara. Ita ce a kan motar ofishinmu, domin masu tallafa mana sun sa ta cikin sharaɗi. Mun san mafi yawanku ta dole ce kawai kuke da ita.

To, ga inda gardamar laifi take zama maganar kuɗi. Idan ta dole ce kawai gare ka, wani kuma ya buge ka, kuɗin gyaranka ba ya wurin kamfaninka. Yana wurin kamfanin wanda ya buge ka, shi kuma ba zai fitar da kobo ba sai ya gamsu cewa mutuminsa ne da laifi. Ma'aikacin da zai yanke shawara yana zaune a ofis a Jos ko Abuja ko Legas, bai ga mararrabar ba, bai ji wanda ya fi ɗaga murya ba. Takarda da hoto ne idonsa. Saboda haka abin da ka tara cikin rabin sa'a na farko ya fi duk abin da za ka faɗa cikin wata shida.

Rai ne farko. Idan akwai mai rauni, a kai shi asibiti, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lambarsu ta 122. Idan kuma ka ga taro ya harzuƙa, kada ka tsaya gardama, ka tafi kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka. Wannan ba gudu ba ne. Mu a yankin nan mun san yadda cacar baki a bakin kasuwa take juyewa ta zama ta ƙabila ko ta addini kafin a ankara, ba kuwa ƙofar motar da ta kai wannan.

In wuri ya lafa, a ɗauki hoto kafin a taɓa mota. A ɗauka daga nesa yadda za a ga hanyar duka, da kwana ko mararraba, sa'an nan a matso a ɗauki wurin da aka daka, da lambar kowace mota, da sawun birki, da inda fasassun gilashi suka zube. Gilashi ba ya bin bayan kowa, kusa da inda aka haɗu yake zuba. Idan ba waya mai hoto, a shata gurbin kowace taya da gawayi ko toka ko farin dutse, sa'an nan a matsar. A rubuta lokaci, da sunan ɗayan direban, da lambar wayarsa, da sunan kamfanin inshorarsa da lambar takardar. Idan direban haya ne, a tambayi mai motar da tashar da yake lodi. A nemi shaida tun a wurin, gama masu kallo da zarar sun ji an ambaci 'yan sanda sai su watse. Fasinjanka shaida ne, amma za a ce naka ne. Mai shago, mai faci, mai sayar da rake, su ake nema.

Yanzu maganar baki. Ba mu ce a daina cewa sannu ba. Wanda ya ga jini bai ce sannu ba, ba a yi masa tarbiyya ba. Amma sannu dabam, "laifina ne, zan gyara" dabam. Kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗi cewa kada ka amsa laifi, kada ka yi alkawarin biya, kada ka biya kome, sai da yardar kamfani. Dalili shi ne su za su biya, ba za su yarda ka ɗaure su da bakinka ba. Banda haka, mutumin da ya fito daga haɗari jikinsa na rawa bai san ainihin abin da ya faru ba tukuna. Ka ce, "Sannu, bari a duba masu rauni, hukuma ta zo ta auna." Ya isa.

'Yan sandan sashen haɗarin mota za su zo su auna wurin su yi zane, su ce direbobin biyu su sa hannu. A nan mutane da yawa suke faɗuwa. Kada ka sa hannu a zanen da ba ka duba ba. Idan an sa motarka inda ba nan take ba, ka faɗa cikin ladabi a gyara. Haka nan bayanin da za a rubuta da sunanka. In ba ka karanta Turanci, ka ce a karanta maka a fassara, ko ka kira malamin makaranta ko sakataren ikilisiya ya tsaya kusa da kai. Jami'in VIO kuma zai duba motocin, ya ga ko birki da taya da fitila lafiya suke kafin haɗarin, don haka kada a kai mota gareji kafin ya gani. Daga ƙarshe a nemi rahoton 'yan sanda a rubuce. Duk kuɗin da aka biya, ko na janwe ne ko na asibiti, a karɓi rasit.

Akwai ƙa'idodin hanya da masu aunawa suke dubawa, ya kamata mu san su. Wanda yake fitowa daga ƙaramar hanya shi zai tsaya wa na kan babba. A shataletale, wanda ya riga ya shiga shi ne da hanya, tun da kuma muka koma tuƙi ta dama a 1972, ta hagunka yake zuwa. Wanda ya daki wani ta baya, galibi shi ake ɗora wa laifi, gama shi ya kamata ya bar tazara. Rahoton 'yan sanda ba hukuncin kotu ba ne, amma kamfanoni suna ba shi nauyi ƙwarai.

Ka sanar da kamfaninka nan da nan, ko da kana ganin kai aka cuta, ko da ta dole ce kawai gare ka. Takardarka ta faɗi kwanakin da aka ba ka, wanda ya makara kuwa ya ba su hujjar ƙin biya. Kira a waya bai isa ba, a bi shi da wasiƙa ko saƙon da za a iya nunawa gobe. Dalilin sanarwar shi ne ɗayan direban zai iya kawo tasa ƙarar a kanka, kamfaninka ne kuma zai tsaya maka. Duk wasiƙar lauya ko sammacin da ya zo, kada ka amsa da kanka, ka miƙa musu. Sa'an nan ka rubuta wa mai ɗayar motar da kamfaninsa, ka haɗa da kwafin rahoton 'yan sanda, hotuna, sunayen shaidu, lasin direba, takardun mota, da ƙiyasin gyara daga makanike da fanal bita. Kwafi za ka ba su, na asalin ya zauna a gida. Kada a fara gyara sai injiniyansu ya zo ya ga ɓarnar. Mun san wannan yana da wuya ga wanda motar ce gonarsa, amma motar da aka riga aka buga aka yi mata fenti ba ta da sauran abin nunawa.

Wani lokaci ba a ɗora wa mutum ɗaya laifin duka, sai a raba. A ce gyaranka Naira 600,000 ne, nasa 400,000, aka kuma ce kashi 70 na laifin nasa ne, 30 naka, domin kana gudu fiye da kima. Kai za ka sami 420,000 daga ɓangarensa, shi kuma yana bin ɓangarenka 120,000, wadda inshorarka ta dole za ta biya. Mutanenmu sukan ji rabo kamar an zalunce su. Amma in har ka san ƙafarka ta yi nauyi a kan totur ran nan, ka karɓa, ya fi shekara biyu ana zuwa kotu.

Mu koma kan labarinmu. Rahoto ya fito, ya ɗora laifin a kan direban hayar. Muka yi murna, muka ce sai a rubuta wa kamfaninsa. Da aka duba lambar motarsa a rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa take riƙe da shi, wanda ake kira NIID, sai ga shi babu ita. Takardar jabu ce. Wani ne ya yi masa ita a gindin bishiya kusa da inda ake sabunta takardun mota, da hatimi da kome, shi kuma ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya. Shekara da shekaru yana nuna ta a shinge ana ɗaga masa hannu. Da ta gaskiya ce, da kamfani ne ya ɗauke masa gyaran motarmu. Yanzu nauyin ya dawo kansa, ga motar ma bai gama biyan mai ita ba, ga tasa ɓarnar. Mutumin da ya zo da shaidu biyar yana hura hanci, sai ga shi zaune a barandar ofishinmu ya rafka tagumi. Gaskiya ya ba mu tausayi.

Kamfaninmu ya biya gyaran motarmu bayan an sha zirga-zirga, ya cire wani kaso da aka rubuta tun farko cewa mai mota ne zai ɗauka a kowane haɗari, wanda suke kira ekses. Dattawan kwamitinmu suka ce a yafe wa yaron nan. A nan muka koyi abin da ba mu sani ba. Da zarar kamfani ya biya ka, haƙƙin bin mai laifi wannan kuɗin ya koma hannunsa, ba naka ba ne kuma. Ba za mu iya yafe bashin da ba namu ba, da ma mun yi gaggawar rubuta masa takardar yafewa kafin a biya mu, da kamfanin ya sami hujja a kanmu. Abin da yake hannunmu shi ne kason da muka biya daga asusunmu, shi kuma kwamiti ya yafe. Saboda haka iyayenmu fastoci da dattawa, idan aka kawo muku sulhu irin wannan, ku fara tambaya ko akwai kamfanin inshora a ciki.

Ba mu ƙi sulhu ba. Idan ɓarnar ƙarama ce, ba rauni, ba wanda zai nemi kamfani, a sasanta gaban mai unguwa ko shugabannin tasha. Amma a rubuta: nawa ne, wa zai biya, yaushe, a wane gareji, kowa ya sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Alkawarin bakin hanya da wuya ya kai mako guda da rai.

Idan kamfani na gaskiya ne amma yana ta jan ƙafa, ko ya ƙi biya, ka nemi ya ba ka dalilinsa a rubuce. Da wannan wasiƙar za ka kai kuka sashen karɓar ƙorafi na NAICOM. In abin ya ƙi, akwai kotun majistare, wasu jihohi kuma sun buɗe kotunan ƙananan basusuka inda mutum zai iya tsayawa ba lauya. Idan an zo biya, za a ba ka takardar sallama ka sa hannu. Ka karanta adadin da kyau, gama bayan sa hannun nan ba sauran komawa ka ce makanike ya gano wata ɓarna.

Sai mu juyo kanmu. Wata rana mu ne za mu kasance masu fitowa daga hanyar burji. Idan ka san kai ne, ka faɗa wa kamfaninka gaskiya duka, ka bar su su biya, gama don wannan ranar ka sayi takardar. Kada a tara 'yan'uwa daga majami'a su je su ba da shaidar abin da ba su gani ba, wai don a rufa wa namu asiri. Kada kuma a sauya direba, a ce mai lasin ne yake tuƙi alhali yaron mota ne. In kamfani ya gano ƙarya ɗaya, yana iya watsar da maganar gaba ɗaya, ga kuma laifin hukuma.

Ma'aji da sakatarori, wannan taku ce. Bas ɗin da aka yi wa inshorar amfanin ikilisiya, in ana ba da ita haya zuwa biki ko kasuwa ana karɓar kuɗi, to an fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai, ran haɗari kuma kamfani zai tambaya. Ku gaya wa kamfani ainihin aikin da motar take yi, ku biya kuɗin da ya dace da shi. Ku duba lasin direbanku ko ya ƙare, ko kuma ajinsa ya dace da girman motar. Tun 1 ga Fabrairu 2025 da 'yan sanda suka tsananta binciken inshorar dole, mutane da yawa sun ruga sun yi takarda, ba duka ne kuwa suka tsaya duba hannun da suka yi ta ba. A saya daga kamfani mai rajista ko dillalinsa, a jira saƙon tabbaci, sa'an nan a duba da kai. Ana dubawa a shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a waya a sa lambar motar.

Bayan an ci abinci za mu sa tebur a ƙarƙashin mangwaron da yake bayan majami'a. Duk wanda ya zo da mota ko keke ko babur ya kawo takardunsa mu duba tare, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka bar nasu a gida su ba sakataren ikilisiyarsu lambar motar, za mu karɓa sa'ad da muka zo zagayen rabon iri.  In akwai tambaya, sai a ɗaga hannu.